JAN FENTI A BANGON KAWU: Tarihin rigimar fili tsakanin masu gida da hukuma

Masu karatu, kun saba ganina da labaran soyayya da kishi da zaman gidan miji, to yau alƙalamin ya karkata wani gefe, kuma ba komai ya karkatar da shi ba illa jan fenti da na gani da idona a bangon gidan kawuna.

Wata shekara ce bayan sallar layya na kai masa ziyara a garinsu da ke gaɓar Kwara. Ba zan kama sunan garin ba, ba kuma zan kama sunan ƙaramar hukumar ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Na tarar da shi a kan buzu a ƙofar gida, carbi a hannu amma ba ja yake yi ba, ya zuba wa bangon zaure ido. An gilma wa bangon jan fenti, layi biyu sun haɗu kamar almakashi, a ƙasa an rubuta wa'adin mako uku. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, lafiya kuwa?"

Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Zamna ka gani, ɗana. Wanga gida kakanka yag gina shi da hannunai. Ina hukuma take lokacin da munka kori kuraye wurin ga? Yau an ce hilin hukuma na."

Tambayar nan ta Kawu ta hana ni barci. Yaya aka yi gidan da mutum ya gada kaka da kakanni zai wayi gari ya zama filin hukuma? Da na bi diddigi sai na ga amsar tana cikin tarihi, kuma babu inda tarihin ya fi fitowa fili kamar ƙasarmu ta Bagudo, inda mutum zai yi sallar asuba ƙarƙashin dokar da Ingilishi suka bari, ya yi azahar a gonarsa ƙarƙashin wadda Faransawa suka bari.

Ga wanda bai san wurin ba, Bagudo ƙaramar hukuma ce a jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu, kogin Kwara ya ratsa ta, ta yamma kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Cikin garuruwanta akwai Bagudo kanta da Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya. Ta Lolo ake fita wajen Malanbil, ta Tsamiya ake fita Segbana. Akwai Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, masu noma da masu kiwo da masu su, kowa da irin alaƙarsa da ƙasa.

KAFIN ZUWAN TURAWA

A zamanin da, ƙasa ta fi mutane yawa. Abin da sarki ke nema shi ne jama'a, saboda haka baƙo in ya zo, sai ya faɗi gaban mai gari ya yi gaisuwa, a haɗa shi da wanda zai nuna masa inda zai sare. In ya sare daji ya kafa bukka ya haƙa rijiya, wuri ya zama nasa, 'ya'yansa su gada. Illo tana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, a nan da yawansu ke ƙetare Kwara, kuma ta haka zango-zango suka kafu, wasu fataken suka yi aure suka zauna. Babu wanda aka ba takarda. Shaidar mutum ita ce maƙwabtansa da itacen da ya dasa da kushewar iyayensa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa babu doka a lokacin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin daular Usmaniyya daga Gwandu, ya rubuta littafi musamman a kan wannan mas'ala mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bi mazhabar Malikiyya ya bayyana hanyoyin da ƙasar da ba ta da mai ita ke zama ta wani. Akwai rayawa, wato mutum ya sare ko ya gina ko ya haƙa rijiya ko ya dasa itace. Akwai hurumi, wato kewayen gari da jama'a ke kiwo da yin itace a cikinsa, da kewayen rijiya, wanda ba mai ikon ya mallake shi shi kaɗai. Akwai yankan da shugaba ke yi wa mutum. Akwai kuma wurin da shugaba ke keɓewa saboda bukatar jama'a. Malaman Malikiyya sun ce wanda zai raya wuri kusa da gari sai da izinin shugaba, na nesa kuwa ba sai da izini ba. Sun kuma yarda a tilasta wa mutum sayar da wurinsa in za a faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta, amma a biya shi kuɗinsa. Tun zamanin Sayyadina Umar aka yi haka, lokacin da ya sayi gidajen da ke kewaye da Ka'aba ya rushe don faɗaɗa masallaci, waɗanda suka ƙi karɓar kuɗi aka ajiye musu har suka zo suka karɓa.

Ka ga ke nan tun asali abu biyu ne ke tafiya tare: haƙƙin wanda ya raya wuri, da haƙƙin jama'a a kan huruminsu. Duk rigimar da za ta biyo baya a tsakanin waɗannan biyun take.

IGIYAR TURAWA

Illo tsohuwar ƙasar Bargu ce, 'yar'uwar Busa da Nikki, domin tarihin baka ya ce sarakunan garuruwan uku zuriyar Kisra ne. A 1894 Ingilishi da Faransawa suka yi tseren zuwa Nikki neman sa hannun sarkinta, Lugga ya riga Faransawa isa da 'yan kwanaki. Rigimar ba ta kwanta ba sai ranar 14 ga Yuni, 1898, da suka zauna a birnin Faris suka raba ƙasar a kan takarda. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Yarjejeniyar ta ce iyaka za ta taɓa Kwara a mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Waɗanda suka yi wannan awo ba su tambayi manomin da gidansa ke gabas da layin, gonarsa ke yamma da shi ba. Bayan haka, cikin shekarun farko na mulkinsu, Ingilishi suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu, aka koma karɓar umarni daga Birnin Kebbi.

Babban abin da Turawa suka yi wa ƙasa a Arewa ya zo ne bayan wani kwamiti da ya zauna a Landan a 1908. A 1910 suka fitar da doka wadda ta ce duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kanta da wadda ba kowa, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Aka sake sabunta dokar a 1916. A nan ne kalmar mallaka ta fara canza ma'ana: a idon doka mutum ba shi da ƙasa, abin da yake da shi izinin zama ne da amfani.

Gaskiya dokar ta yi rana ta wani gefen, domin ta hana kamfanonin Turawa saye gonakin talakawa kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Kuma talakan ƙauye bai ji wani canji a jikinsa ba, tunda har yanzu wajen mai unguwa da hakimi da uban ƙasa yake zuwa neman fili, su kuma suna ƙarƙashin En'e. Gwamnatin Sardauna ta zo a 1962 ta yi tata dokar ƙasa, wadda ta ɗora a kan ta Turawa, ikon ya koma hannun minista, En'e na kula da na gargajiya. Wato dai maciji na kwance cikin ɗaki shekara da shekaru, mai ɗaki bai sani ba don bai taɓa taka shi ba.

Ranar da mutanen gaɓar Kwara suka fara ganin ƙarfin wannan doka ita ce ranar da aka zo gina madatsar ruwa ta Kainji, daga 1964 zuwa 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka har zuwa ƙasar Yawuri, aka tashi mutum wajen 44,000. An gina musu sababbin gidaje na siminti, an kafa Sabuwar Busa, amma ba wanda aka tambaya ko ya yarda ya tashi. Daga nan mutane suka gane cewa in gwamnati ta ce tana son wuri, maganar da ta rage ita ce ta diyya.

DAGA EN'E ZUWA ƘARAMAR HUKUMA

A 1976 gwamnatin soja ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, aka rushe tsarin En'e, Bagudo ta zama ƙaramar hukuma a tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Shekara biyu bayan garambawul ɗin, ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har gobe ita ke aiki, an ma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa.

Ga abin da dokar ta ƙunsa a taƙaice. Duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, kuma filin birni shi kaɗai ke ba da takardarsa, wadda aka fi sani da si-of-o. Wurin da ba birni ba kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya, tana iya ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Sashe na 6 ya ba ta ikon shiga fili ta karɓe shi don amfanin jama'a. Sarki da uban ƙasa da hakimi da mai unguwa kuwa, dokar ba ta ba su ikon raba fili ba ko taƙi ɗaya.

To a nan gizo ke saƙar. A takarda an karɓe iko daga hannun masu sarauta an ba ciyaman, amma a zahiri mutane ba su daina zuwa wajen mai unguwa ba. Har yau in za a sayi fili a garuruwanmu, mai saye da mai sayarwa da dillali da shaidu ne ke zama, a rubuta 'yar takarda, mai unguwa ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, a yi fatiha a watse. Mai gona in gari ya iso shi, sai ya kira masu igiya su yanka masa ita fuloti-fuloti, abin da ake kira awon igiya, ba safiyo, ba taswira, wani lokaci ba a ko bar hanyar da mota za ta bi ba. Alhali sashe na 36 ya hana yanka irin wannan gona fuloti-fuloti, sashe na 21 kuma ya ce ba a sayar da izinin zama na gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma. Mutum ya tara kuɗin guminsa ya saya ya gina, yana ganin ya yi komai bisa ƙa'ida, a sakatariya kuwa babu sunansa a ko'ina.

Ita ma ƙaramar hukumar tana da nata uzurin. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da hanyoyin cikin gari, ga kuma hannu da take da shi a makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Duk waɗannan fili suke ci. Yawancin filayen nan tun zamanin En'e aka keɓe su da baki, aka ce daga tsamiyar can zuwa kukar can na makaranta ne, ba katanga, ba turaku. Tsamiya ta faɗi, kuka ta mutu, dattawan da suka san iyaka suka kwanta dama. Sai a wayi gari mai gida na rantsuwa wurinsa ne, hukuma na rantsuwa nata ne, kuma kowanne a cikinsu ya yarda da abin da yake faɗa.

Abin da ke hura wutar shi ne daraja da ƙasa ta yi. Garin bakin iyaka kasuwa ke raya shi, wurin da jiya ake ɗaure jakai yau shago ne ko sito ko wurin ajiye manyan motoci. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, fadamar da a da ake ba da aronta don goro ta zama abin da 'yan'uwa ke kai juna kotu a kansa. Ga ambaliya, irin ta 2012 da ta 2020, wadda ke koro mutanen gaɓa zuwa tudu, su kafa bukka a duk inda suka samu sarari, sau da yawa a filin makaranta ko burtali. Shekara biyar bukka ta zama ginin ƙasa, shekara goma ta zama na bulo, ranar da aka zo tashinsu kuwa sai ka rasa wa za ka ba gaskiya.

ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

Dokar 1978 ba ta yi shekara uku ba aka zubar da jini a tsohuwar jiharmu ta Sakkwato. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka tashi dubban mutane, aka karɓe gonaki don aikin noman rani, maganar diyya da rabon sababbin gonaki ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Manoman Bakolori haƙƙinsu na diyya suka nema, wanda ita kanta dokar ta yi musu alkawari.

Na kusa-kusa kuma shi ne rusau ɗin Kano na 2023. Gwamna Abba Kabir Yusuf na hawa mulki, cikin watan Yuni katafila ta shiga gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula da filin sukuwa da shagunan filin Idi na Ƙofar Mata. Hujjar gwamnati ita ce filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta yanka ta sayar. Masu shaguna suka ce su da kuɗinsu suka saya, kuma hukuma ce ta ba su takarda. 'Yan kasuwar filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumban 2023 ta umarci gwamnati ta biya su naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Na farko, hurumin jama'a ko hukuma ce ta sayar maka da shi, ka sayi rigima, domin gwamnati na tafiya wata na zuwa. Na biyu, takardar da ke hannunsu ba ta hana katafila ba, amma ita ta ba su bakin magana a gaban alƙali. Wanda ya gina a awon igiya ba shi da ko wannan.

A ƙetaren iyaka ma kanwar ja ce. Faransawa a dokokinsu na 1904 da 1906 sun ce duk ƙasar da ba kowa a kanta kuma ba mai ita ta hukuma ce, cikakkiyar mallaka kuwa sai wanda ya yi rajista ya karɓi takarda, abin da talakan Dahome bai san hanyarsa ba. A 2013 Benin ta yi sabuwar dokar ƙasa, ta kafa hukuma guda mai kula da rajistar filaye, ta kuma ba ofisoshin magadan gari rawar takawa wajen tabbatar da wanda ke riƙe da fili bisa al'ada. Duk da haka a watan Janairun 2017, zamanin Shugaba Patrice Talon, an bi manyan titunan Kwatano da wasu birane an rushe rumfuna da shaguna da duk abin da ya shigo filin hukuma. Ga mutanenmu masu gona a tsallake akwai ƙarin abin lura: dokar Benin ta keɓe sayen ƙasar karkara ga 'yan ƙasarta. Gonar da kakanka ya sare tun ba a ja layin 1898 ba, yau kana noma ta ne bisa mutunci da zumuncin da ke tsakaninku da dangin can.

INDA DOKAR TA TSAYA WA MAI GIDA

Kada a ce na zana dokar 1978 baƙa ƙirin. Akwai wuraren da ta tsaya wa talaka, sai dai ba a cika gaya masa ba. Sashe na 34 da na 36 sun ce wanda yake riƙe da gida ko gonar da yake nomawa tun kafin dokar ta fara aiki, ana ɗaukarsa tamkar wanda aka ba izini, ko da ba shi da takarda. Ba a karɓe wuri sai don amfanin jama'a, kuma kotuna sun sha soke ƙwacen da aka yi aka miƙa wa wani mai uwa a gindin murhu don amfanin kansa. Dole a ba mutum sanarwa a rubuce, fenti a bango ba ya wadatarwa. A 2003 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Kano, ta ce ba a ba wani sabuwar takarda a kan filin da ba a soke izinin mai shi na farko bisa ƙa'ida ba. In ƙaramar hukuma ta karɓi gona, sashe na 6 ya wajabta mata ba manomin wata, in kuma ta ƙi biyan diyya, gwamna na da ikon sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya.

Inda dokar ta gaza shi ne ma'aunin diyyar. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta, tunda an ce ba taka ba ce. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kanta, gini ko shuka ko rijiya, shi ma ginin sai an cire tsufansa. Saboda haka mai gidan ƙasa a tsakiyar gari, wanda filinsa ya fi gininsa daraja nesa ba kusa ba, shi ya fi kowa asara. Abin da za a ba shi ba zai saya masa fuloti a bayan gari ba, balle ya gina. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, a lokacin ana ƙiyasin abin da aka yi wa rajista a ƙasar Nijeriya bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Allah bai ba shi tsawon rai ya ga ƙarshen aikin ba, dokar kuma tana nan yadda take.

RIJIYAR KAKA

Mu koma wajen Kawu. Abin da ya faru shi ne za a faɗaɗa hanyar da ta shiga kasuwa, kuma wani ma'aikaci ya rubuta cewa duk gidajen layin sun shigo filin kasuwa ne daga baya. In haka ta tabbata, ko sisi ba za a ba su ba. Muka zauna da 'ya'yansa muka rubuta takardar koke, aka sa rana, kwamiti ya zo. Aka tambayi Kawu takarda, ya ce ba shi da ita. Aka kira dattawa biyu suka yi shaida, wani cikin 'yan kwamitin ya ce ai tsofaffi ba sa ƙin bayan junansu.

Sai Inna, matar Kawu, ta yi magana daga bayan ƙyaure, ta ce a shigo da baƙin su ga rijiya. Aka yi sallama aka shiga. A bakin rijiyar, inda guga bai cinye simintin ba, magini ya zana shekarar da aka ɗaure ta da tsinke tun simintin na ɗanye: 1961. Mu da muka sha ruwan rijiyar nan tun muna yara ba mu taɓa kula da rubutun ba, ita da ke wanke-wanke a wurin kullum ita ta san da shi. Shugaban kwamitin ya duƙa ya shafa da yatsa, ya ɗago ya ce a rubuta cewa gidan ya girmi dokar.

Ba a fasa hanya ba. Zaure ya tafi, da shagon da ke jikinsa da ɗaki ɗaya. An biya diyyar gini bayan wata goma sha ɗaya da sintiri ba adadi, kuɗin kuma bai wuce na bulo da kwanon sabon zaure ba. Amma sauran gidan ya tsira, aka kuma ba shi takarda. Wani maƙwabcinsu kuwa, bawan Allah da ya dawo daga Legas da 'yan kuɗinsa ya sayi fuloti a hannun masu igiya, ashe cikin filin kasuwar aka yanka masa. Ɗaki huɗu da ya gina suka tafi a banza, wanda ya sayar masa kuma ya daɗe da barin gari. Kawu bai yi murna ba ranar da aka rushe na maƙwabcin, cewa ya yi, "Shi ma zalunta tai anka yi, sai dai ba hukuma ta zalunce shi ba."

Shawarata ga 'yan'uwa, musamman masu aiko da kuɗi gida a saya musu fili da mata masu sayen fuloti da kuɗin adashi ko na gado: kafin ku biya, ku je sashen filaye na ƙaramar hukuma ku tambaya ko wurin na cikin filin makaranta ko kasuwa ko maƙabarta ko burtali ko hanya, ku kuma tambaya ko garin na cikin wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, don ku san ofishin da takardarku za ta fito. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, ku adana ta, amma kada ku tsaya a kanta. Masu tsofaffin gidaje su nemi takarda tun dattawan da suka san iyaka suna raye. In an shafa muku fenti, ku nemi sanarwa a rubuce da dalilin karɓar, ku ɗauki hoton komai kafin a taɓa, ku haɗa kai ku rubuta koke, ku nemi lauya, kada ku ɗauki doka a hannunku.

Su kuma shugabannin ƙananan hukumomi, katanga da turaku sun fi katafila araha. A kewaye filayen jama'a tun ba a shiga ba, a hukunta ma'aikaci ko mai unguwar da ya sayar da abin da ba nasa ba, in kuma ta kama dole a tashi mutum, a biya shi kafin a rushe, yadda Sayyadina Umar ya yi. Kujera aro ce, wanda ya sa hannu a rushe gidan wani yau, gobe shi ma mai gida ne a wata unguwa.

Kawu ya rasu shekara uku bayan wannan al'amari, Allah ya jiƙansa da rahama. Rijiyar tana nan, 'ya'yansa sun yi mata murfi, sun kuma hana kowa ya yi wa bakinta sabon yaɓe. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya hana mu cin haƙƙin wani ko da taƙi ɗaya ne. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.